Wai Kamasho Ma Sai da Digiri na Biyu?

Tun da na faɗa muku na koma jami'a neman digiri na biyu a fannin tafiyar da harkar sufuri, ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wani ya ce ashe yanzu kamasho ma sai da kwali. Wani mai tausayi kuma ya yi mini tayin gurbi a tashar Unguwa Uku, babu kuɗin rajista, muddin maƙogwarona zai jure ihun "Kaduna, saura mutum ɗaya!" Na gode, Allah ya bar zumunci.

To, Malam mai tayi, sau nawa ka yi awa biyu a cikin mota kana gumi, kana jiran wannan mutum ɗayan da bai ma fito daga gida ba? Wannan zaman naka shi ne darasinmu na farko. Motar tasha sai ta cika take tashi. Jirgin ƙasan da ke tsakanin Rigasa da Idu, wanda aka buɗe a 2016, lokaci aka yanka masa. Kafin a yanka, sai wani ya zauna ya lissafa fasinja nawa ake samu da safe, tarago nawa zai ishe su, kuɗin tikiti nawa zai riƙe mai da gyara. Irin kujerar wannan mutumin nake hari, ku yi haƙuri.

Hajiyar da ta ce wannan karatun bai shafi tukunyarta ba, ina gaisuwa. Tumatirin Kadawa da ake lodawa a kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas yana cin tafiyar kusan kilomita 1,000, kwando kan kwando, ga rana, ga shingayen hanya. Na ƙasa ya isa a matse, kuma asararsa a kan mai saye take ƙarewa. In tirelar ta juyo wayam babu lodi, kuɗin man dawowa ma yana cikin farashin. Wannan juyowa wayam kaɗai ta ci mana makonni a aji, har da lissafin da ya sa na tuna ashe tsufa ya fara leƙo ni.

Ban ce direba bai san hanya ba. Wanda ya shekara ashirin tsakanin Dawanau da Apapa ya san abin da babu shi a littafi, shi ya sa bincikena a bakinsa zai fara. Amma an buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ga jami'ar sufuri sukutum a Daura, ga cibiyar koyar da fasahar sufuri a Zariya tun 1986. In an gama ginin, wa zai tafiyar da su? Ko nan ma jira za mu yi sai ta cika?

Mako mai zuwa an tura mu ƙirga motoci a shataletale. Duk wanda ya hango ni da littafi da biro a bakin titi, kada ya taka birki a firgice, ba KAROTA ba ce. Ya dai miƙo ruwan leda.