Ɗabi'un Jama'a Wajen Zaɓen Fentin Ɗaki

A zamanin kakanninmu, idan magini ya kammala soro ya shafe bayansa da makuba ta ɓawon ɗorawa, mata kuma suka bi cikin ɗaki da farar ƙasa, wata ta ɗiga ɗan shuni don ƙarin haske, ba a jin jayayya game da launi, domin abin da ƙasa ta bayar shi kowa ke shafawa. Amma tun da fentin gwangwani ya shigo, 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano suka fara baje wa mai saye takarda cike da launuka birjik, sai halayen Bani Adama da suka daɗe a ɓoye suka bayyana, har ya kyautu a rarrabe su ɗabaƙa-ɗabaƙa, yadda malaman hadisi ke yi wa maruwaita.

Na farkonsu mai waswasi ne, wanda zai shiga shago da hantsi, ya tsaya tsakanin ruwan madara da ruwan ƙwai har ladan ya kira azahar, sannan ya ari takardar ya tafi gida don yin istihara. In Allah ya nufa ya saya, aka shafa, bango ya bushe, sai ya rantse an ha'ince shi, alhali bai sani ba cewa kamar fenti a gwangwani dabam, kamarsa yana ɗanye a bango dabam, haka nan bayan ya bushe, balle a hasken fitila.

Sai bahili, wanda ya ƙudura a ransa bokiti ɗaya na lita 20 zai wadaci gida duka, har da zaure da makewayi. Yana tsaye a kan mai fenti, buta a hannu, yana cewa, "Malam, ƙara ruwa, ai da sauran kauri." Bayan kwana biyu zanen mota da yara suka yi da gawayi ya sake leƙowa, baƙon da ya jingina kuma ya tashi da rabin fentin a bayan rigarsa.

Akwai ma'abocin taƙlidi, wanda ya ga kore shar a falon maƙwabcinsa mai manyan tagogi, ya zo ya zuba irinsa a ɗakin da ba shi da ko taga ɗaya, yanzu da tsakar rana sai da tocila ake neman takalmi. Akwai kuma malamin da ya yi ƙiyasi, ya ce tun da farin tufafi mustahabbi ne, to farin bango ma haka. Hunturu da hannuwan almajirai masu tawada suka warware masa fatawar kafin wata ya zagayo.

Amma wanda ya fi cancantar tausayi shi ne mai mata biyu da ya yi niyyar adalci tsakani da Allah. Bawan Allah ya sayo galan biyu na ruwan hoda, kamfani ɗaya, farashi ɗaya, ya sa mutum ɗaya ya shafa a rana ɗaya, yana zaton ya toshe ƙofar fitina. Sai dai tagar amarya tana kallon gabas, ta uwargida kuwa tana ƙarƙashin inuwar darbejiya, saboda haka da gari ya waye ɗaya ɗakin yana walwali, ɗayan ya yi duhu-duhu. Uwargida ta leƙa can, ta dawo nan, ta ce, "Alhaji, ashe har a fenti akwai bora da mowa?" Ya kawo gwangwanaye biyu a matsayin hujja, ya kira mai fenti shaida, duk a banza, domin malaman fiƙihu sun yi bayanin rabon kwana dalla-dalla, amma ba su buɗe babin rabon hasken rana ba.

Kada a manta da gwaggon amarya, wadda ke isowa ana gobe jere, ta dubi bango ta ce bai hau da labule ba, lalle a sake. A daren nan za a shafa fentin mai, wanda bushewarsa ke son haƙuri, a kai amarya ɗakin da warin kananzir ya rinjayi turaren wuta, gefen katifa kuma ya manne da bango.

To, mai karatu, idan lokacinka ya zo, shafa ɗan wuri faɗin faifai, ka bari ya bushe, ka dube shi da hantsi da kuma bayan magariba kafin ka saki kuɗinka. Madafa da inda hannun yara ke kaiwa a ba su fentin mai, don yana wankuwa, kuma kada a shafa wa bangon da ke riƙe da laimar damina, zai kwaile. In kuwa matanka biyu ne, bar kowace ta zaɓi nata, kai dai ka biya.