Malam, Ɗan Jona Ni

Mu mutanen Yusufari ba mu iya cin abu mu kaɗai a cikin mota ba. Wanda ya sayi gyaɗa a tashar Gashuwa sai ya miƙa wa na gefensa, na gefe ya miƙa wa na baya, kafin a fita gari leda ta dawo hannun mai ita babu komai sai ɓawo. Haka muka taso, kuma ba a taɓa jin wanda ya kai ƙara gun mai unguwa a kan haka ba. To ga shi yanzu an shigo mana da sabon guzuri wanda ba a tauna shi, amma ya fi gyaɗa saurin ƙarewa: ɗan akwatin nan na intanet da ake ce wa MiFi.

Ga wanda bai san shi ba, abu ne ɗan mitsitsi da ke shigewa aljihun jamfa har a manta da shi. Ana sa masa layi, a saya masa data, shi kuma ya janyo sabis daga ƙarfen kamfani ya rarraba wa wayoyi da kwamfutocin da ke kusa, taku goma zuwa goma sha biyar. Yawancinsu suna ɗaukar waya wajen goma a lokaci guda. Waɗanda suka ƙera shi sun yi shi ne domin matafiyi guda, mai jaka da kwamfuta, wanda zai sauka a masauki ya rufe ƙofa ya yi aikinsa. Ba su yi shawara da mu ba. Da sun tambaye mu, da mun gaya musu waya goma ba za ta ishi motar Sharon ɗaya ba, tunda kusan kowannenmu biyu yake riƙewa, ƙarama ta kira da babba ta shafa.

A iya ganina, ɗalibai ne suka fara yawo da shi a yankinmu, musamman 'yan Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, masu rajista da duba sakamako ta intanet. Sai ma'aikatan lafiya da ke shiga ƙauyuka allurar rigakafi, waɗanda ake jiran rahotonsu a Damaturu kafin dare. Sai masu POS, waɗanda kasuwarsu ta buɗe a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo. Daga baya fataken dabbobi suka shigo ciki, don yanzu mai saye a Kano ko Legas yana so ya ga hoton rago, ya ga bidiyonsa yana tafiya, kafin a yi maganar kuɗi. Duk waɗannan da uzuri suka saya. Mu sauran jama'a kuwa da uzurinsu muka dogara.

Yadda abin ke farawa kullum iri ɗaya ne. Mota ta tashi daga Nguru, an wuce shingen farko, kowa ya gyara zama. Wani saurayi a baya zai buɗe waya, ya ga sunan wani sabis ya fito, ya ɗaga kai yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai akwatin ya juya fuska ga taga, yana kallon fadama tamkar yau ya fara ganin kacalla.

"Malam, kai ne mai abin nan?"

"Wane abu?"

"Ga koren wuta nan yana ƙiftawa a aljihunka."

Shi ke nan, asiri ya tonu. Saurayin zai ce saƙo ɗaya kawai zai tura. Kafin a gama sa masa, Hajiyar da ke gaba ta miƙo tata wayar ta kan kafaɗa ba tare da ta juyo ba: "Ɗana, sa mini ni ma, zan aika wa 'yata murya, ta haihu a Kano." Wa zai hana mai jika? Dattijon da ke gefe bai san me ake rabawa ba, amma ya ga ana miƙa waya, shi ma ya zaro tasa ƙarama mai tocila. Sai an yi masa bayani cikin ladabi cewa tasa ba ta sha irin wannan. "To, Allah ya sa alheri," in ji shi, amma ka san bai yarda ba. Yaron mota kuwa ba ya roƙo. Tun a tasha ya riga ya shiga.

Ta ina ya samu fasiwod? Ai fasiwod ba ya kwana a garinmu. Tun daga Android 10 da ya fito a 2019, wayar da ke da shi, idan ta taɓa jonawa, tana iya nuna wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, wata wayar ta haska shi ta shige ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. Ka ba mutum ɗaya amana, shi kuma ya ba amininsa amana. Wasu ma ba sa canja fasiwod ɗin da kamfani ya manna a cikin murfin, don haka duk wanda ya taɓa cewa "kawo in ga irin naka" ya riga ya haddace.

Masu akwatin ma sun ƙirƙiro nasu dabarun. Akwai mai canja sunan sabis ɗin ya sa "Babu Data". Akwai mai sa "Sayi Naka", wanda ni ina ganin rashin kunya ce, don surukinsa ma zai karanta. Wani ya sa "Bashi Hanji", sai mutane suka ɗauka gayyata ce. Akwai kuma shafin da ake shiga a ga duk wayoyin da ke jone, har a kori wadda aka ga dama. Amma ka kori mutumin da gwiwarsa ke gugar taka tun daga Jajimaji? Zai juyo ya ce, "Malam, ya yanke fa," kai kuma ka ce, "Kai, wannan hanya ai sai haƙuri," kuna kallon juna kowa ya san gaskiya.

Abin da ya fi haddasa rigima shi ne saurin ƙarewar data, kuma a nan sai na kare masu roƙo. Da yawansu da gaske saƙo ɗaya suka tura. Laifin na wayar ne. Waya idan tana kan layinta takan yi tsimi, ta jinkirta manyan ayyuka. Da zarar ta ji ta a kan waifai, sai ta ɗauka an kai ta inda ba a awo: ta hau sabunta manhajoji, ta kwashe hotunan wata uku ta tura ma'ajiya, WhatsApp ya sauke duk bidiyon wa'azi da na biki da aka jibga a zaurukan dangi. Mai wayar na zaune hannunsa a kan cinya, giga biyu ta tafi. Akwai wurin da ake nuna wa waya cewa wannan waifai na awo ne, ta riƙa kamewa. Sai dai ba a cika samun wanda zai tsaya gyara wannan a wayar da ba datarsa za ta sha ba.

Sa'an nan akwai wata fahimta da ta ƙi zama a kanmu: akwatin ba ya haifar da sabis. Abin da ke iska shi yake kamawa. Inda ƙarfe ya yi nisa, ko kuma sabis ɗin na kira ne kawai, akwatin zai kunna wutarsa, wayoyi su jona lafiya lau, amma ko gaisuwa ba za ta fita ba. A kan kwalta tsakanin Nguru da Gashuwa ana samu a rasa, a sake samu, har direbobi sun san wuraren. Za ka ji direba ya ce, "Mai tura kuɗi ya shirya, nan gaba kaɗan yana kawowa." Amma da an bar Yusufari aka nufi arewa, wajen Tulo-Tulo ko Bulatura, inda mota mai ja da ƙafa huɗu ce kaɗai ke da ta cewa a cikin rairayi, labari ya sauya. Ƙauyukan suna cikin kwari, tsakanin tuddan yashi, wurin dabino da goruba da kanwa, sabis kuwa ta sama yake wucewa. Don haka a can hawa ake yi. Za ka ga babban mutum da rawani ya tattare riga yana hawan tudu, yaro na biye da shi riƙe da akwatin sama da kai. Wasu sukan ɗaure shi a kan doguwar gora, wasu su rataye shi a reshe cikin 'yar jaka su zauna a ƙasa. A nan ne amfaninsa na gaskiya yake, don waya ba za ka rataye ta a bishiya kuma ka yi rubutu da ita ba.

Wani Bafulatani ya ga wani Bamange a kan tudu yana juya akwatinsa gabas da yamma, ya ce masa, "Kai Babarbare, ko wata kake nema da rana tsaka?" Shi kuwa ya ce, "Sabis nake jira, in tura maka hoton saniyarka a gonata." Aka yi dariya, daga baya Bafulatanin ya miƙa wayarsa a jona shi.

Idan aka matsa kusa da iyaka kuma, wajen da ke fuskantar Maine-Soroa, waya takan tsinci sabis ɗin Nijar. Masu zirga-zirgar can sun san wannan, shi ya sa ba sa rabuwa da layi biyu, na gida da na ƙetare, MTN ko Airtel ko Glo a nan, Airtel na Nijar ko Moov ko Zamani a can. Su ne kuma ke neman akwatin da ke karɓar kowane layi, don yawancin waɗanda kamfanoni ke sayarwa da araha an kulle su a kan layin kamfanin. Masu gyaran waya a Gashuwa da Nguru sun san wannan ciniki. Da ka ajiye shi a kan tebur, kafin ka yi magana za a ce, "Buɗewa za a yi?"

Yaran yanzu suna ƙorafi idan bidiyo ya tsaya yana juyi. Mu da muka ga 2013 sai mu yi murmushi. A watan Mayu na shekarar, bayan an sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an kashe sabis ɗin waya gaba ɗaya, mu a Yobe sai cikin Yuli aka dawo mana da shi. Lokacin mutum kan shiga mota ya tsallaka Jigawa don kawai ya ce wa ɗan'uwansa yana nan da rai, ya kuma tafi da saƙonnin rabin unguwa a rubuce a takarda. Ina jin tun daga can muka ɗauka cewa wanda ya samu sabis ya samar wa jama'a ne. Ga shi kuma mu mutanen ƙarshen layi ne tun asali: jirgin ƙasa da ya taso daga Kano ya iso Nguru wajen 1930, a nan ya tsaya, bai ƙara gaba ba.

Sai maganar caji da zafi. Batirin akwatin yakan yi awa shida zuwa takwas idan mutum ɗaya ne, amma idan mota guda ta hau kansa, kafin azahar ya fara jan wuta. Sai a shiga neman fawa bank, sai a roƙi direba ramin cajinsa, shi kuma ya ce to a jona shi tukuna. Masu son sabis ya yi ƙarfi sukan ɗora shi gaban gilashi, a watan Afrilu, zafi ya haura 40. Bayan 'yan makonni batiri ya kumbura, murfi ya ƙi rufuwa, a ɗaure shi da kyauron roba. Rabin waɗanda na gani a yankin nan da ɗamararsu suke yawo.

Tun da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, alheri ya fara tsada, mutane kuma sun ƙware a hanawa ba tare da sun ce a'a ba. "Wallahi yanzu ya mutu." "Na ofis ne, ana ganin duk wanda ya shiga." "Bari mu isa gari." Wasu sun koma manna baƙin salatif a kan 'yar fitilar don kada ta tona su. Wani kuma ya fito da tsari: duk mai so ya kawo ɗari biyu a haɗa a sayi data ta tafiyar. Tsarin ya yi kyau a baki. Da aka zo biya, Hajiya uwa ce, dattijo uba ne, ɗalibi ba shi da shi, yaron mota ya ce shi ma'aikaci ne. Mutum biyu suka biya, mutum tara suka sha.

Kuma kada ka ɗauka saukowa daga mota ta raba ka da jama'a. Ranar da matafiyi ya dawo gida, dakalin ƙofar gidansa kan cika da samari bayan isha'i, kowa ya jingina da katanga ta ɓangaren ɗakinsa, an zo yi masa barka da hanya. Shi yana ciki yana barci, ana ta yi masa barka har ƙarfe ɗaya.

Kwanan nan hira ta koma kan Starlink, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, mai faranti da ke kamo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam ba ruwansa da ƙarfe. A teburin mai shayi an yi masa lissafi tsaf: za a ɗora shi a kan Hilux, a haɗa shi da sola, a shiga da shi har cikin kwarin Tulo-Tulo ba mai sake hawan tudu. Wani ya ce kuɗinsa fa ba na wasa ba ne, ga na saye ga na wata-wata. Sai duk aka juya ana kallon Alhajin unguwa, shi kuwa ya duba agogo ya ce lokacin salla ya yi, alhali ko ƙarfe goma sha ɗaya na safe ba ta yi ba. Har yau ba a samu mai saye ba, amma mutum uku sun riga sun ce idan ya iso a fara jona su, su ne suka kawo shawarar.