A Wace Shekara Aka Ƙera Ta?

Ciwona dogon bayani ne, kuma ba a ko'ina yake tashi ba. A kasuwa ba na jan ciniki, a taron biki har mantawa ake yi ina wurin. Amma wani ya kuskura ya tambaye ni shekarar da aka ƙera wata tsohuwar libarba ta gasar harbi, to ya shimfiɗa tabarma, don nan zai kwana.

Babu wanda ya aike ni. Ni na ɗora wa kaina bin diddigin waɗannan ƙananan bindigogi na ƙarshen ƙarni na 19, irin waɗanda masu hali a Amurka da Ingila ke tarawa a akwatin gilashi. Sukan turo hoto da lambar da aka buga a gindin ƙota, su tambayi shekara. Lamba huɗu kawai suke nema. Ni kuwa da "ya danganta" nake buɗe baki.

Kuma wallahi ya danganta ɗin, abin da ke ƙara mini taurin kai ke nan. Ɗauki New Model No. 3, wadda kamfanin Smith & Wesson na Springfield ya fito da ita a 1878, wadda gwanayen harbi na wancan zamani suka riƙe hannu bibbiyu. Dokar Amurka ta 1968 ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, saye da sayarwarta ba su da wahala irin ta sabuwa. Kamfanin ya gama ƙera gangar jikin wannan samfuri kafin 1899, amma ya ci gaba da harhaɗawa yana sayarwa har cikin ƙarni na 20. Ke nan wadda ta bar masana'anta a 1905 shekara biyu gare ta, ta ƙira da ta fita. Kundin kamfanin kuma ranar fitar kaya yake rubutawa, ba ranar ƙira ba, sannan ba bi da bi kayan ke fita ba. Babbar lamba tana iya riga ƙaramar barin sito da shekara da shekaru, domin abin da hannun ma'aikaci ya kai shi yake ɗaukowa.

Mai hankali a layi uku zai gama wannan. Ni idan na kai nan, yanzu na yi sallama.

Daga nan sai in zarce Bisley, ko da bindigar mutum ba ta haɗa hanya da ita ba. Bisley filin harbi ne a Surrey ta Ingila, inda ƙungiyar maharban Birtaniya ta koma a 1890 bayan ta bar Wimbledon. Kamfanin Colt na Hartford ya ari sunan a 1894 ya liƙa wa wata libarba mai lanƙwasasshiyar ƙota da faffaɗar kunama, don hannu ya zauna daram lokacin saiti. An yi kimanin 44,000, amma na ainihin gasa, masu shafaffen sama da abin saitin da ake iya gusarwa, ba su kai 1,000 ba. Shi ya sa kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabo, shi ya sa kuma ake samun masu dabarar da ke gyara ta gama-gari su mai da ita ta gasa. Lambobin Bisley kuwa a gauraye suke da na wata libarbar Colt mai suna Single Action Army, jeri ɗaya, kamar shinkafa da wake a tukunya, don haka lamba kaɗai ba ta gaya maka wace ce a hannunka. Wannan sashe nakan rubuta shi ina murmushi ni kaɗai, wanda ya yi tambaya kuwa Allah kaɗai ya san halin da yake ciki.

Gaskiyar da nake jinkirin faɗa wa mutane ita ce akwai gajeriyar hanya. Colt da Smith & Wesson duk suna da tsofaffin kundaye, mutum ya biya a duba masa, a aiko masa da wasiƙa mai ɗauke da ranar da bindigar ta fita, dillalin da aka kai wa, girman harsashi, tsawon bututu da irin fentin ƙarfen. Roy Jinks ya shafe shekaru masu yawa yana rubuta wa masu Smith & Wesson irin wannan wasiƙa. Wannan shawara ita ya kamata ta zo a layin farko. A wajena tana can ƙasa, bayan na bi da mutum ta kan tambarin gwaji na Landan da na Birmingham da ake bugawa a bindigar da za a sayar a Ingila, na kuma ratsa da shi Girka ya gaisa da Sumner da John Paine, wa da ƙani 'yan Amurka da kowannensu ya ci gasar harbi ɗaya a wasannin Olamfik na 1896. Ina jin tsoron in na fara da wasiƙar, ba za a karanta sauran ba. Kuma ba za a karanta ɗin ba.

Abin dariyar, ban taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba na fata. Ranar hawan Sallah idan 'yan bindiga suka saki wuta, ni ne za ka gani a bayan mai rake ina toshe kunne. Na san tsawon bututun bindigar da ke wata ƙasa, ban san nauyinta a tafin hannu ba. Uwargida ta taɓa leƙo allon kwamfuta ta ga jerin lambobi, ta ce, "Maigida, wai duk wannan lissafin na bindigar da ba taka ba ne?" Na gyara zama zan yi mata bayanin bambancin ranar ƙira da ranar fita, ta ce tuwonta na kan wuta.

Wani dattijo daga Amurka shi ya fi kowa shan wahalata. Ya gaji libarbar kakansa, yana so ya san ko ta kai kayan tarihi kafin ya kai ta gwanjo. Amsar "e" ce. Na aika masa shafuka, ya dawo da godiya da tambaya ɗaya cikin ladabi: to, e ne ko a'a? Na ce e, sannan na ƙara sakin layi biyu a kan dalili. Tun ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba. Daga baya na lura a hotonsa cewa ƙotar ba ta yi kama da wadda kamfani ke sa wa samfurin ba, wataƙila an canza ta. Ya riga ya sayar, na tabbata. Na dai rubuta masa, na kuma haɗa da hotuna.