Lambobi Biyun Da Ake Aiken Yaro Nema

Ni dai a wajena, babu zaluncin da ya kai a miƙa wa ɗalibi alli a ce ya warware x² + 10x = 39 ta hanyar laluben lambobi biyu, waɗanda in an ninka su za su ba da −39, in an tara su kuma 10. Laluben ma da sauƙi. Tashin hankalin yana zuwa bayan ya dace da 13 da −3, ya rubuta x = 13 da manyan baƙi, ya ja layi biyu a ƙasa, ya juyo yana murmushi. Aji ya yi tsit. Malam ya ce, "To, mayar da ita mu gani." Ga 169, ga 130, jimilla 299, alhali 39 ake nema. Murmushin na nan a fuska, ya rasa hanyar komawa. A nan ne wani daga bencin baya, wanda ko littafi bai buɗe ba, zai yi raɗa da ƙarfi: "Canza alamar!" Wace alamar? Allon cike yake da su. Na kusa da shi ya gyara masa: "A'a, goge duka, allon ne ya yi datti."

Wannan lissafin fa na Al-Khwarizmi ne, a littafin aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma shi bai yi lalube ba. Ya raba 10 biyu, ya sami 5, ya ninka 5 da kanta, 25, ya tara da 39, 64, tushenta 8, ya cire 5, saura 3. Shi ke nan. Za a ce ya bar −13 a baya. Gaskiya ne, bai ɗauki abin da ke ƙasa da sifili a matsayin amsa ba, amma gyaran kaɗan ne: −8 ma tushen 64 ce, cire 5, ga −13.

Masu kare lalube za su ce ya fi sauri a jarrabawar WAEC. Ya fi sauri ne in mai tambaya ya riga ya daidaita lambobin. A mayar da 39 ta zama 40, jimillar ta koma 65, wadda ba ta da cikakken tushe. Yaro zai yi ta nema har a kira la'asar, lambobin ba sa nan. Na bencin baya kuwa yana nan kan bakansa: a canza alamar.