Wankan Kawu a Cape Town

A watan Fabrairun 2018 Kawu ya kawo mini ziyara Cape Town, inda nake karatu. Da ya yi shawara da ni, da na ce ya dakata, don garin ya shekara uku ruwan sama bai wadata ba. Babban dam ɗin Theewaterskloof ya fara zama filin ƙura, hukuma kuma ta ƙayyade wa kowa lita 50 a rana. Jarka biyu ke nan ta 'yan ga-ruwa, a ciki za ka sha, ka dafa, ka yi wanki da wanka da alwala. An ma yi shelar cewa idan ruwan madatsu ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, za a rufe famfuna, kowa ya bi layin lita 25.

Tun a mota na fara yi masa bita. "Kawu, wanka a nan minti biyu ne. A cikin baho ake tsayawa, ruwan da ya taru da shi ake kora bayan gida."

Ya leƙa taga, ya nuna teku. "Kai yaro, wancan kunu ne?"

Gidan da muke haya an maƙala masa mita mai yanke ruwa da zarar an ci lita 350, sai kuma washegari. Kawu ya fara da wanke babbar rigarsa, ɗauraya uku. Sannan ya shiga banɗaki ya saki shaya kamar gadonsa. Can sai famfo ya yi tari, ya yi shiru.

"Ɗan nan! An ɗauke ruwa! Ga sabulu a idona!"

Na ruga kicin. Ga bokitai a jere, mai gidan hayar ta rubuta wa kowanne aikinsa, amma danshi ya goge rubutun. Na suri wanda ya fi cika na miƙa ta bakin ƙofa. Ashe ruwan wankin kifi ne da maƙwabcina ya ajiye tun daren jiya don ban ruwan shuka.

Kawu ya fito da ɓawon kifi a gemu. Magen gidan, wadda ba ta taɓa kula kowa ba, ta bi shi har kan sallaya. Kwalbar turare guda ya ƙarar, ƙarni na nan daram.

Da asuba ya ce in raka shi maɓuɓɓugar Newlands. Ya bi dogon layi, ya cika jarka, ya kinkimo ta har mota yana nishi. Daga ranar ya zama ɗan sandan ruwa. Da kofi yake auna ruwan shayi, wanda ya daɗe a banɗaki kuwa sai ya ji bugun ƙofa: "Malam, a ji tsoron Allah!"

Ruwan sama ya sauka a watan Yuni, ba a kai ga rufe famfunan ba. Amma idan kun yi baƙo a lokacin fari, ku fara miƙa masa jarka ya ɗebo, kafin ku nuna masa banɗaki.