Saura Jifa Ɗaya

Ranar Asabar ɗin nan na leƙa gidan yayana in karɓo wata takarda, aikin da bai kai a cire takalmi ba, sai ga ni a can har aka kira isha'i. Na tarar an baza tabarma a tsakar gida ana wasan dayis ɗin nan da ya mamaye gidajen 'yan boko, wanda ake cewa wai na yara ne. Na yara! Yaran da aka sayo abin dominsu suna gefe sun zuba tagumi, autar har ta fara gyangyaɗi, uban kuwa ya naɗe hannun riga, ya ɗora hula a gwiwa, yana girgiza dayis a gwangwanin madara yana tofa masa abin da ban ji ba.

Kun san wasan. Ka jefa ka tara, in ka ga dama ka ce "na tsaya" a rubuta maka, in ka ga dama ka ƙara, ɗaya ta fito duk abin da ka tara a zagayen ya bi ruwa, wanda ya riga kai 100 ya ci. Wani Ba'amurke mai rufa-ido da ya ƙware a sirrin karta da caca, John Scarne, shi ya sa shi a littafi a 1945 da sunan Pig. Daga nan aka yi ta haifo masa ƙanne: Can't Stop na Sid Sackson a 1980 mai dayis huɗu, da su Farkle, da Pickomino inda ake kokawa a kan tsutsa. Allah ya rufa asiri Yaya bai sayo Pass the Pigs ba, wanda 'yan aladun roba guda biyu ake jefawa a madadin dayis. Da Hajiyarmu ta gani, da tabarmar nan ba ta sake kwana a gidan ba.

Duk uban da ya shigo da irin wannan gida, huɗubarsa ɗaya ce: zai koya wa yara lissafi, da haƙuri, da sanin lokacin da mutum zai ce ya isa. Madalla. Sai dai ni ban taɓa ganin yaron da ke bukatar darasin ba. 'Yar shekara shida ta jefa ta samu biyar, ta ƙara ta samu huɗu, ta rungume tararta ta ce, "Baffa, rubuta min." Ko za ka yi mata alkawarin alewa ba za ta ƙara ba. Uban fa? Yana da 37 a hannu, matarsa daga kicin tana cewa "Abban yara, ka tsaya mana," shi kuma ya lumshe ido ya ce jikinsa yana ba shi siki ce za ta fito. Jikin nan tun da na san shi bai taɓa ba shi gaskiya ba, amma har yau bai daina sauraronsa ba.

Lissafin ma ba wani mai wuya ba ne. Fuska biyar cikin shida suna ƙara maka, a tsakaice huɗu-huɗu. Fuska ɗaya tana kwashe komai. Saboda haka in abin hannunka bai kai 20 ba jifa ta fi riba, in ya haura 20 kana sayar da akuya ne don ka sayi igiya. Wasu malaman jami'a biyu a Gettysburg ta Amurka, Todd Neller da Clifton Presser, har kwamfuta suka sa ta tace musu kowane hali da ɗan wasa zai iya shiga, suka buga sakamakon a 2004. Na gaya wa Yaya wannan. Ya ce su Turawa ba su san sa'a ba. Ya jefa. Ɗaya.

To, a nan ne dayis ya fara faɗowa daga tabarma.

Ban san ko kun lura ba, a gidan Bahaushe dokar dayis ɗin da ya gangara waje ba a yanke ta sai an ga abin da ya nuna. In siki ce, ai ƙasa ma ta Allah ce, a ƙirga. In ɗaya ce, kowa ya san jifar da ta bar tabarma ba jifa ba ce, tun zamanin kakanni haka ake yi. A wannan daren dayis ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera. Nan take Yaya ya hana kowa motsi. Aka kunna fitilar waya. Aka kwanta rub da ciki, magidanci mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, kunci a kan siminti, yana leƙen ƙarƙashin kujera. Ya ce ya ga shida. Babban ɗansa, ɗan aji uku na firamare, ya leƙa ta ɗaya gefen ya ce ɗaya ce a sama. Aka ɗaga kujera a hankali, mutum biyu, da gargaɗin kada wanda ya yi numfashi. Sai ga dayis ya jingina da bakin silifa, a karkace.

Yaya ya yanke hukunci cewa abin ya tsaya tsakanin ɗaya da shida, kuma ya fi karkata ga shida. Yaron nan ya ɗauko dayis na biyu daga kwalin ludo, ya juya shi, ya ce, "Abba, ai ɗaya da shida ba sa maƙwabtaka. Ɗaya tana sama, shida tana ƙasa. Kowace fuska da ta bayanta bakwai suke bayarwa." Gaskiyarsa, haka ake ƙera kowane dayis. Ga lissafin da aka ce wasan zai koyar, ya koyu har ya yi yawa. Ladan da ya samu shi ne, "Wa ya koya maka yi wa manya gardama?"

Aka ce sakamako bai kammala ba. Mu da muka ga zaɓen Maris ɗin 2019 a Kano ba sai an fassara mana inkwankulusib ba. Aka nemi a sake jifa a wannan mazaɓa kaɗai. 'Yan adawa suka ƙi, suka ɗaukaka ƙara zuwa kicin. Umma ta ce ita tuwo take tuƙawa, kotunta ba ta da hurumi. Aka kira mai silifar a matsayin shaida, ya ce shi tun magariba ya cire ta, bai san yadda aka yi ta je can ba, abin da ya sa aka fara zargin an dasa ta ne. Aka auna tazarar silifa da bakin tabarma da taƙi. Wani ya kawo shawarar a ɗauki hoto a tura wa Kawu a Kaduna ta WhatsApp, aka tuna dayis ɗin an riga an taɓa shi, shaida ta gurɓata. Daga ƙarshe magana ta isa kotun ƙoli, wato ɗakin Hajiya, wadda ba ta ga jifar ba, ba ta san wasan ba, ba ta kuma nemi a yi mata bayani ba. Ta bi bayan jikanta ta ce, "Ku ba maigidana gaskiyarsa, kai kuma ka ji kunya." Ba a ɗaukaka ƙara daga nan.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ɓata min rai da gaske. Mutumin da ya shafe awa uku yana tofi a gwangwani, da 'yar autarsa ta kai 100 da tara-tararta, sai ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Wannan abin ma fa caca ce, bai kamata yara su saba ba." Ya jefa dayis a aljihu. Malamai sun daɗe suna magana a kan wasan dayis, ba jiya aka fara ba, kuma wanda ya hana shi shiga gidansa tun farko saboda wannan ina ganin girmansa. Amma tsoron Allah da ba ya tashi sai an cinye ka, wannan sunansa borin kunya. Yarinya ta ci wasa da gaskiyarta, ko "sannu" ba ta samu ba, ta kwanta tana kuka, an kuma ce mata ba a kuka a wasa. Wanda ya faɗa mata haka shi ne ya ƙi cin tuwo.

Kuma wai mu ne za mu koya wa wani tsayawa. Mu da MMM ta rufe asusu a Disambar 2016 muna cewa a jira Janairu. Mu da CBEX ta kife a Afrilun 2025, washegari wasu suna tambayar ko akwai wata mai kama da ita amma mai amana. Ku tuna 2024, shekarar ɓeran Hamster Kombat. Tela ya bar keke yana danna waya, mai shayi yana danna waya ruwa na ƙonewa, a gidan biki ango yana amsa gaisuwa da hannu ɗaya. In yatsan maigida ya gaji, wa ake miƙa wa wayar? Yaran nan dai. "Zo ka danna wa Abba, in ta fashe zan saya maka keke." Suka danna da safe kafin makaranta, suka danna bayan Islamiyya, suka koyi lambar sirrin kullum da haɗa katunan kombo tun ba su haddace jadawalin sau bakwai ba. Da aka yi rabo a ƙarshen Satumba, da yawa abin da ya faɗo musu bai biya kuɗin datar da aka ƙona ba, balle cajin waya a shago. Keke dai shiru. Ma'aikatan nan ƙanana ko sisi ba a sallame su da shi ba, ba takardar kora, ba garatuti, iyayen kuma suka koma wani sabon mainin ɗin a Telegram, wanda aka tabbatar musu shi kam listin ɗinsa wata mai zuwa ne.