Takarda zuwa ga Rauta Mai Ƙaho Biyu

Ranka ya daɗe,

Mutanen Bune suna gaishe ka, da fatan ƙurar hunturu ba ta toshe maka hanci ba. Tun da ka sauko daga motar Damagaram ba mu rage ka da komai ba. Mun ɗora ka bisa kanta, mun ware maka batirin sola, har fankar maigida takan tsaya don kada 'yan fitilunka su mutu.

Ƙorafi ne ya kawo mu. Kullum muna faman sauya kalmar sirrin wifi saboda yaran unguwa da ke jingina da katangarmu bayan isha'i suna shanye mana mega. Ashe ɓarnarsu ƙarama ce. Wani ɗanmu da ya dawo hutu daga jami'a ya kifa ka, ya nuna mana takardar da ke manne a cikinka: 192.168.0.1, suna admin, kalmar sirri admin. Haba, ranka ya daɗe! Ɗakin da ake juya ka kenan, inda mai mugun nufi zai karkatar da mu zuwa shafin bogi mu zuba masa sirrinmu da hannunmu. Wannan dai mun sauya.

Sai yaron ya ce akwai wadda ta fi ta. A cikin danginku akwai waɗanda maƙeransu suka binne wata kalma can cikin manhaja, ba a rubuta ta ko'ina ba, mai kaya kuma ba shi da ikon taɓa ta. Kwado ne aka sayar wa gari duka, makulli ɗaya yana buɗe kowane. A 2013 an tono irin wannan ƙofar baya a wasu rautocin D-Link, wanda ya san kalmar sai ya shige ba sallama.

Kada ka ce wa ya san da zaman Bune. Muguwar manhajar nan Mirai da ta ɓulla a 2016 ba ta tambayar sunan gari. Lalube take yi a intanet, tana gwada kalmomi kusan 60 irin su admin da 12345, duk na'urar da ta amsa ta zama baiwarta. Da wannan runduna aka hana jama'a shiga Twitter da Netflix ranar 21 ga Oktoba. A ƙarshen shekarar wani Baturen Ingila, Daniel Kaye, ya saki irinta a kan kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, aikin haya, ya kuma kwantar da rautoci kusan 900,000 a Jamus. Kotun Landan ta ɗaure shi wata 32. Mu da muke sayen mega da kuɗin kanwa da dabino, a ce da shi ake yaƙin wasu?

Ingila ta hana sayar da irinku da kalma mai arha tun Afrilun 2024. Kai kuwa ba wanda ya bincike ka a hanya.

Don haka ga sharaɗinmu. Ka faɗa mana ko akwai abin da aka binne a cikinka, ka kuma aika wa maƙerinka ya turo gyara. In ya ce ka tsufa ba ya kula da kai, za mu ba yara kai su yi mota da kai.

Naka,
Mai sayen mega, Bune